Idon Tasalla da Kwandon Kalwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu na gare ki.

Wata yarinya ce ana ce mata Tasalla, a wani gari da matansa ba su da sana'a sai daddawa. Tun tana ƙarama ciwon ƙashi ya kama ta a fuska. Ƙashin gurbin idonta na hagu ya yi ta kumbura, ya yi ta kumbura, har ya turo idon waje, ya karkatar da shi ƙasa. Kanta na sara, idon na hawaye, amma ba mai ce mata sannu sai uwarta.

To, kun san kalwa. In an dafa an zuba a kwando an rufe da ganye, ba a buɗewa sai ta kwana uku. In iska ta shiga, ta lalace.

Rannan aka buɗe kwandon matan gari, sai ga kalwa ta lalace. Shugabar mata, Inna Ladingo, ta ce, "Yarinyar nan mai mugun ido ce ta kalla." Aka ɗaure wa Tasalla ido da tsumma. Uwarta ta ce, "Haba Inna, ciwo ne fa." Ladingo ta ce, "Rufe mana baki, ke kika haifo mana shi."

Aka sake dafawa, aka sake rufewa, ta sake lalacewa. Ladingo ta ce, "Ashe ta cikin tsumma ma yana gani." Aka ɗauki yarinya aka jefa a rumbu, ita da ɓeraye. Ku ji mini zalunci, yarinyar da ko kaza ba ta taɓa kora ba.

Aka dafa ta uku, aka rufe, aka ajiye kwandon kusa da rumbun. Rumbun yana da 'yar kafa can ƙasa. Tasalla ta janye tsumma. Idon nan da ya karkata shi ya yi daidai da kafar. Kwana uku tana kallon kwando, ta ga abin da ta gani, ta yi shiru, don ba mai sauraron na cikin rumbu.

Aka buɗe na uku, ya lalace. Mata suka ja Tasalla zuwa fada da kwandon, suka ce, "Ranka ya daɗe, a ƙwaƙule idon nan mu huta."

Sarki ya kira wanzami. Wanzami ya zaro aska, ya taɓa fuskar yarinya, ya lallatsa. Sai ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙashi ne ya tashi. Ni ba na yanka marar lafiya."

Ladingo ta ce, "To, wa ya ɓata mana kalwa?"

Tasalla ta ce, "A tambayi kalwar mana, ai ita aka yi wa."

Ta durƙusa ta ce, "Kalwa, kalwa, wa ya taɓa ki?"

Sai kwando ya ɗauki waƙa:

"Ba ido ba ne, hannu ne,
Kullum da safe a ɗage ganye,
A ɗebi na miya, a bar ni da sanyi,
Hannu mai awarwaro uku."

Kowa ya dubi hannun na kusa da shi. Ladingo ta tura nata bayan zane, awarwaro suka ce kacau.

Tasalla ta ce, "Safiya uku ina ganinki, Inna. Kin ci miya, ni na kwana da ɓeraye."

Sarki ya sa aka jefa Ladingo a rumbun nan kwana uku. Ya ce wa Tasalla, "Yarinya, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, haƙurin ai shi nake yi tun ina goye. Ni dai su dube ni."

Ta cire tsumman ta yar. Ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya tana kallonsu da idon, ba wadda ta iya ɗaga kai. Idon bai koma daidai ba har ta tsufa, amma ita ta riƙa rufe kwandon gari, kuma kalwa ba ta ƙara lalacewa ba.

Wanda ciwo ya sauya wa kama, sannu ake ce masa, ba a ɗora masa laifin wani.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan, wanda bai yarda ba ya je ya tambayi kalwa.