Waken Alhaji Dabo

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Sabo ta Ibadan, Alhaji Dabo, mai rumbun wake a kasuwar Bodija. Zamanin soja ne, shekarun da naira ta faɗi, abinci ya fi ƙarfin talaka.

Kullum bayan la'asar ana musu a ƙofar masallaci. Wasu su ce laifin gwamnati ne, wasu su ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya. Alhaji Dabo sai dai ya yi dariya.

"Gwamnati ta yaga naira, ni kuke so in ɗinke ta? Wanda wake ya fi ƙarfinsa ya sha gari."

Alhali yana cikin masu ɓoyewar. Tun kaka ya jibge buhuna yana jiran azumi, lokacin da kowane gida ke neman ƙosai da alala. Da ƙwari suka fara huda waken, sai ya sayo maganin da manoman koko ke fesa wa itatuwa, ya sa aka yayyafa.

Mai kula masa da rumbun surukinsa ne, Ikrima, mijin 'yarsa Amatullahi. Wata safiya Ikrima ya tarar da kaji matattu a inda waken ya zube. Ya je gaban Alhaji ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, maganin nan fa... kaji sun ci sun mutu."

"To kai kaza ne? Haihuwar kurmi, ko gonar wake ba ka taɓa gani ba. Wanki da wuta suna kashe komai. Tashi ka auna wa mutane."

Ikrima ya tashi. An tarbiyyantar da shi a kan cewa ba a ja-in-ja da suruki, ko ido ba a haɗawa. Ya dai ga Alhaji ya ware buhu ɗaya da ba a taɓa ba, ya aika gidansa. Sai hankalinsa ya kwanta, domin Amatullahi tana can wajen iyayenta goyon cikin fari.

Katanga ɗaya ta raba gidan Alhaji da na Ashatu, wadda mijinta ya rasu, take riƙe kanta da sayar da alala. Ranar da aka kama azumi ta zo sayen wake. Ta ɗiba, ta kai hanci.

"Alhaji, waken nan kamar yana warin kananzir."

"Talauci ne ke miki wari a hanci. In ba ki so ki matsa, Yarbawa na layi."

Ta haɗiye maganar, ta ce a ba ta kongo biyu, wato mudun kurmi. Ikrima da hannunsa ya auna, bai ɗago kai ba.

A Sabo ba a buɗa baki da abincin gida kaɗai. Kafin magariba kwanuka kan yi ta ƙetare katanga. Ashatu ba ta riƙe Alhaji a zuciya ba. Ta zaɓi alalar da ta fi laushi, ta miƙa wa matarsa.

"A ba mai ciki. Na san kwaɗayinta, har kifi na sa mata."

Amatullahi ta cinye tana dariya, tana cewa ɗan cikin ne ke ci, ba ita ba. Lallen hannunta ko dusashewa bai yi ba.

Mutane da yawa sun yi amai a unguwa ranar, har Ashatu kanta, suka kuma tashi. Amatullahi ba ta tashi ba. A hanyar asibiti ta cika. Washegari da hantsi aka kai ta makwancinta, ita da ɗan da bai sha iskar duniya ba.

Tun a maƙabarta Alhaji Dabo ya samo wanda zai ɗora wa.

"Matar nan ta ci mijinta, yanzu ta ci mini 'ya."

Samari suka fasa wa Ashatu tukwane, suka yi ta jifan rufin ɗakinta suna kiranta mayya. Ba ta kare kanta ba. Tana zaune a ƙasa tana ta faɗi, "Hannuna ne. Ni na miƙa mata."

Ranar sadakar uku jama'a sun cika ƙofar gidan Alhaji, ana shawarar a kori Ashatu daga unguwa. Sai Ikrima ya miƙe. Karon farko ke nan da ya kalli surukinsa cikin ido.

"Baba, Ashatu ba ta kashe kowa ba. Wakenmu ne. Kai ka sa aka zuba maganin koko, ni na auna mata."

"Ku kama yaron nan, mutuwa ta taɓa masa kai!"

"Lafiyata lau. Ga makullin rumbu. In waken lafiya yake, a ɗebo kongo ɗaya a dafa, ni da kai mu buɗa baki da shi yau a gaban jama'a."

Kowa ya juya ga Alhaji. Carbinsa ya suɓuce ƙasa, ya kasa ɗauka.

Liman ne ya fara tashi. Ya naɗe buzunsa, ya taka zuwa ƙofar Ashatu, ya shimfiɗa ya zauna. Dattawa suka bi shi, samari suka bi su kai a sunkuye, har aka bar Alhaji Dabo shi kaɗai a tsakiyar tabarmi.

Liman ya yi sallama, ya ce, "Ashatu, mun zo miki ta'aziyya. Mun kuma zo ki yafe mana."

Daga cikin gida, kukanta kawai suka ji.

Darasi: Tsadar rayuwa ba lasisin cutar da mutane ba ce, gubar da ka sayar wa maƙwabci ta san hanyar gidanka. Kuma kunyar da ta hana ka faɗin gaskiya ba ladabi ba ce, tana iya cin ran wanda ka fi so. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sayar da abin da mutane za su ci.