Kwamfutar Hukuma a Teburin Mashaya

Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a ƙauyenmu, can cikin duwatsun ƙasar Sabiya, sunansa Radoje. Har yau in na tuna abin da ya yi, raina ɓaci yake.

Gwamnati ce ta wayi gari ta ce daga yanzu komai sai ta intanet, ba tare da ta tambaya ko sabis na kaiwa ofishinmu ba. To, ba ya kaiwa. Wuri ɗaya yake kamawa, mashayar Milun da ke dandali.

Sai Radoje ya kwashi kwamfutar hukuma ya dasa ta a teburin mashaya, tsakiyar maza masu kurɓar giyarmu da ake kira rakiya. Ga shi da son a san shi ne mai iko. Duk abin da zai rubuta, sai ya karanta da ƙarfi.

Ana nan sai wata mata mai suna Dushanka ta zo. Ta gudo ne daga birni da 'yarta, saboda mijinta ya kusa kashe ta da duka. Wata tsohuwa, Kaka Ruzha, ta ɓoye ta a gidanta. Amma ba za a karɓi yarinyar a makaranta ba sai an yi rajistar inda suke zaune.

Ta sunkuya ta ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a hankali. Akwai wanda ba na so ya san inda nake."

Radoje ya kwashe da dariya. "Ji mini mata! Ke matar minista ce? Faɗi, sabis zai ɗauke."

Ta raɗa masa. Shi kuwa ya ɗaga murya: "Gidan Kaka Ruzha, bayan injin niƙa! Haka ne?"

Milun ya ce, "Haba Radoje, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Kai zuba giyarka, ka bar aikin gwamnati ga masu shi."

A teburin gefe akwai direban babbar mota da ya tsaya cin abinci. Ashe abokin mijin ne.

Ba a rufa mako ba mijin ya iso. Ya ɓalle ƙofa, ya ture tsohuwar har ta karya ƙugu. Dushanka ta tsira ta bayan lambu, 'yarta a hannu, ko takalmi babu. Ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Da aka tunkari Radoje, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Ni na hana ofis sabis?" Ko a jikinsa.

Sai lokacin slava ɗinsa ya zo, bikin waliyyin gidansu. A nan ba a gayyata, duk wanda ya saba zuwa, zuwa kawai yake. Radoje ya gasa rago, matarsa Stana ta kwana uku tana girki, aka kunna kyandir, aka buɗe ƙofa.

Azahar ta wuce, rana ta faɗi. Limamin coci kaɗai ya leƙo, ya sa wa burodi albarka, ya ƙi zama.

Radoje ya dubi kujerun ya ce, "Stana, ina mutane?"

Ta kwance zanen girkinta ta ajiye. "Suna gidan Kaka Ruzha, suna gyara ƙofa. Ni ma can na nufa."

Darasi: Sirrin da aka damƙa maka saboda aiki amana ce, wani lokacin ma ran mutum ne. Ita kuma hukuma, kada ta tura jama'a intanet kafin ta tanadi inda za su faɗi damuwarsu ba a ji ba. Tura wannan ga duk wanda bayanan mutane ke ratsa hannunsa.