Rijiyar da Aka Rufe Ba Sallama

Ku gyara zama. Kai mai latsa waya, ajiye ta, wannan ba labarin da ake ji da kunne ɗaya ba ne.

Akwai wata unguwa, Tudun Masaƙa, manne da katangar wata jami'a. Jami'a ta cika ta batse, har ɗalibai suna kwana a azuzuwa, sai hukuma ta ce za ta faɗaɗa. Aka rushe rabin unguwa, aka tura mutane can bayan rafi. A tsakiyar filin kuwa akwai tsohuwar rijiya. Al'adar mutanen wurin, ba a rufe rijiya sai an yi mata sallama: tsohuwa ta leƙa ciki kwana bakwai a jere, tana roƙon mazauna cikinta su nemi wani wuri. Ɗan kwangila ya ce ba shi da lokacin hira da rami. Rana ɗaya aka kifa mata kankare, aka ɗora ɗakunan kwanan ɗalibai mata a kai.

Aka ba wata ɗaliba, Nusaiba, ɗaki a ginin, ita da Rifkatu 'yar ajin ƙarshe. Ba a yi wata ba Nusaiba ta fara jin ƙarar igiyar guga tana gogar bakin rijiya, kullum da tsakar rana, a ƙarƙashin gadonta. Sai ƙishirwa ta kama ta. Ta sha, ta sha, kamar ana zubawa a rariya. Ana tsananin bazara, amma duk inda ta taka sai sawunta ya fito a jiƙe. Asibiti suka duba, suka ce lafiyarta ƙalau. Lafiya fa!

Ranar da Rifkatu za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe, ta dawo ɗaki ɗaukar biro, ta tarar da Nusaiba kwance, kunne a manne da daɓe, ruwa na ɗiga daga gashinta. "Sun ce an kulle musu ƙofa," in ji Nusaiba, da wata murya mai amsa kuwwa. Rifkatu ta duba, ta ga hannun yarinyar ya nutse cikin siminti har gwiwa. Ta cafke ɗaya hannun, ta tokare ƙafa da bango, tana kwarma ihu ta taga. Tana jin ƙararrawar shiga jarrabawa, tana kuka, ba ta saki ba. Shekara guda cur ta maimaita saboda wannan riƙon.

A jikin katanga akwai Iya Tasalla, tana sayar wa ɗalibai ɗanwake daidai inda ɗakinta yake a da. Ita kaɗai ta rage da ta san kalmomin sallamar rijiya. Ta ji ihun, ta gane, ta bar tukunya a kan wuta ta shigo. Amma sallama a bakin rijiya ake yinta, ita kuwa duba nan siminti, duba can siminti, ba ta san inda bakin yake ba.

Wanda ya sani shi ne Ɗantani magini, don shi aka sa ya kifa kankaren, kuma tun ranar zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yana aiki a sabon gini na kusa. Da ya ji ihun, ya sauko da guduma, masu gadi na ce masa in ya taɓa ginin hukuma ya bar aiki ke nan. Ya auna taku uku daga ƙofa, ya ɗaga, ya maka. A bugu na bakwai daɓe ya buɗe, wata iska mai sanyi ta huro, mai warin laka. Kafin la'asar an kore shi, ga 'ya'ya shida a gida.

Iya Tasalla ta durƙusa a bakin ramin, ta yi sallama, ta ba da haƙuri. Aka amsa mata daga ƙasa. Wallahi, waɗanda ke tsaye a ƙofa sun ce ba murya ɗaya ba ce. Siminti ya saki hannun Nusaiba. Amma da tsohuwar ta ɗago za ta yi magana, sai leɓe kawai ke motsi. Muryarta ta zauna a can, har yau da hannu take ciniki.

Jami'a ta ji tsoro, ta rushe ɗakin, ta gyara rijiyar. Sai dai ƙishirwar Nusaiba ba ta tafi ba, ba kuma ruwan da yake zama a cikinta. Dattawan da aka tura bayan rafi suka ce ruwan rijiyar nan ne kaɗai zai kashe ƙishirwar, amma rijiyar da aka sake buɗewa ba a shan ta sai an raɗa mata sunan wanda ya fi ceton rai a bakinta. Suna ɗaya tak, kuma sau ɗaya ake kira. In aka yi kuskure, ruwan ya janye.

Ga Nusaiba can zaune a bakin rijiya, leɓe ya tsattsage, guga a hannu, su ukun suna tsaye a bayanta. Kada wanda ya ce mini duka ukun, rijiya ba ta jin wannan wayon. To, ku faɗa mini, sunan wa za ta kira?