Sanyin Firij na Ranar da Ba Ta Zo Ba

An yi wani mutum a nan ƙasar Rano, ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye kuma ba su suka yi laifin ba. Wanda ya gane shi a cikinku ya bar wa cikinsa, ba gulma muka zauna yi ba.

Mutumin nan ma'aikacin ɗakin gwaji ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Shi ke ɗibar jini, shi ke dubawa, shi ke rubuta sakamako ya sa hannu, likita ya ɗora magani a kan abin da ya rubuta. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, kuma wallahi ya iya. Jijiyar da ta gagari kowa, ta jariri ko ta tsohuwa, shi ake kira, sau ɗaya yake soka allura. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata, a sahun farko yake salla. Da za a ce in lissafa mutum goma da nake kyautata wa zaton gamawa lafiya a garin nan, da yana ciki.

To me ya kai shi ƙasa? Takarda ce guda ɗaya, manne a ƙofar firij.

Ya 'yan uwa, bari in yi muku bayani yadda aka yi mini. Jinin 'yan Adam ba iri ɗaya ba ne, rukuni-rukuni Allah ya yi shi. In aka ƙara wa mutum wanda bai dace da nasa ba, jinin da aka kawo don ceto shi zai kashe shi. A cikin firij ɗin ɗakin gwaji akwai wasu 'yan kwalabe, ruwan cikinsu shi ke nuna rukunin mutum. Ana ɗiga shi a kan ɗigon jini. In jinin ya yi gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba, an gane rukuninsa. In bai yi ba, sai a ce rukunin O ne. Amma ruwan nan ba ya jure zafi. In zafi ya lalata shi, ba ya ƙara sa jini gudaji, kowa ka gwada O zai fito.

Shi ya sa doka ta ɗora wa ma'aikaci abu biyu. Safe da yamma ya duba ma'aunin sanyin firij, ya rubuta a takardar nan ya sa hannu. Kuma kowace safiya ya fara jarraba ruwan da jinin da aka riga aka san rukuninsa. Aiki ne da bai kai tsawon alwala ba.

Sai mutumin nan ya sami gonar albasa ta noman rani a wajen Rurum Sabon Gari. Noma ba haram ba ne, dukanmu da shi muka tashi. Amma ana idar da azahar sai ya haye babur, ba a ƙara ganinsa sai gobe. Layin yamma a takarda ya riƙa zama fili.

Da farko yakan cike shi da safe, ya ce ai jiya ma kamar shekaranjiya ne. Daga nan ya koma cike na mako guda. Ƙarshe dai in wata ya kama, sai ya zauna ya cike kwana talatin a zama ɗaya, safe da yamma, yana canza biro, nan shuɗi nan baƙi, don kada a gane hannu ɗaya ne a rana ɗaya. Jarraba ruwan nan na safe kuwa tuni ya watsar da shi. Yana cewa, shekara ashirin yana kallon jini, idonsa ya fi kowane inji.

Kun ga yadda Shaiɗan yake aiki? Bai zo masa da giya ba, don ya san ba zai sha ba. Da biro biyu ya zo masa.

Da bazara ta tsananta, batirin solar asibitin ya yi rauni. Rana na yin sanyi firij yake mutuwa, sai rana ta sake fitowa yake tashi. In mutumin ya iso da safe sai ya tarar da shi yana gurnani lafiya lau. Da yana duba ma'aunin nan da yamma kamar yadda ya sa hannu cewa yana yi, da tun ranar farko ya gani.

Kuma Allah bai bar shi babu gargaɗi ba. Akwai ungozomar asibitin, Malama Bushra, mace mai lura. Wata safiya ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Malam, don Allah kada ka ga na shiga aikinka. Mako biyu ke nan duk mai cikin da na turo maka, O take fitowa. Ni na san nawa A ne tun ina makaranta. Ga yatsana, ka gwada mu gani."

Ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce, "Bushra, lokacin da na fara aikin nan ko yaye ki ba a yi ba. Ki je ki karɓi haihuwarki, ki bar mini jinina."

Ɗigo ɗaya, ya 'yan uwa! Ɗigon jini ɗaya daga yatsan mace, da yanzu ba na ba ku wannan labarin. Girman kai ya hana.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, aka kawo wata mata mai suna Hadiza daga wata ruga a gefen Kahu. Ta haifi ɗiya mace a gida, jini ya ɓalle mata. Mijinta Hammadu, makiyayi ne da ya zauna yake noma, shi ya ɗauko ta. Likita ya tsayar da zubar jinin, ya ce ta tsira in sha Allahu, ledar jini ɗaya kawai take buƙata ta dawo hayyacinta. Hammadu ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa, ko duka ne.

Mutuminmu ya gwada na Hadiza, O. Ya gwada na Hammadu, O. Saura gwaji na ƙarshe da doka ta wajabta, a haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa a jira a gani ko za su zauna lafiya. Yana ɗaukar kusan awa guda. Ran nan kuma ake cirar albasarsa, leburori suna gona suna jiransa. Ya ɗauki biro ya rubuta cewa an haɗa, sun dace. Ya sa hannu, ya miƙa wa Hammadu takardar da kansa, ya hau babur.

Na Hadiza O ne da gaske. Na Hammadu ba O ba ne.

Leda ba ta yi rabi ba matar ta fara rawar ɗari, ta ce bayanta zai tsage. Malama Bushra ta zare allurar da sauri, aka ɗauke ta zuwa Kano. Ƙodarta ta tsaya. A kwana na uku ta cika, ta bar jaririyar da ko suna ba a raɗa mata ba.

Likitocin can suka sake gwada jinin, suka gane abin da ya faru, suka kai rahoto. Masu bincike suka zo daga hukuma, shugabansu wani dattijo, Malam Shamsuddeen. Mutuminmu ya tarbe su ba tare da tsoro ba, ya ce kayan aikinsa lafiya suke, ga shaida nan a ƙofar firij.

Malam Shamsuddeen ya gyara tabarau, ya bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa. Sannan ya juyo ya ce, "Malam, yau sha bakwai ga wata. Wa ya sanar da kai sanyin firij ɗin nan na ranar talatin?"

Takardar da ya cike don ta rufa masa asiri, ita ta fara ba da shaida a kansa. Malama Bushra ta miƙa yatsanta a gabansu, aka ɗiga ruwan nan, aka ce O.

Aka karɓe lasisinsa, aka rufe ɗakin gwajin. Aka bi gida-gida ana kiran duk wanda ya gwada a watannin nan ya zo a sake. Kotu ta ɗaure shi. Albasar da ya bar mace a gado dominta, a rumfa ta ruɓe, babu mai kai ta kasuwa.

Ranar da aka yanke hukunci, Hammadu ya matso kusa da shi a harabar kotu. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya zaro takardar nan daga aljihun gabansa, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya ce, "Malam, ni ban iya karatu ba. Da ka ba ni wannan, murna na yi, na ce jinina zai tashi uwar 'ya'yana. Yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni me ya kashe innarta. In ce mata jinina ne, ko in ce mata hannunka ne?"

Hammadu ya mayar da takardar aljihu ya ce ya bar shi da Allah.

Kuna zaton nan ne ƙarshe? A'a.

Bayan ya fito daga gidan yari da shekara guda, gyambon ciki ya fashe masa, ya yi ta aman jini. Aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ce sai an ƙara masa leda biyu. Babban ɗansa Lukman ya ba da jini, 'yan uwa suka bayar. Aka gwada, aka haɗa, aka kawo leda da takardarta a jiki, an sa hannu. Yana ganin sa hannun nan ya janye hannunsa ya cusa ƙarƙashin bargo.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta zo da kanta ta ce, "Baba, ni na yi, da hannuna, sau biyu." Ya ce, "Ni ma haka nake cewa." Ta ce ya taso a tura shi a keke ya gani da idonsa. Ya ce, "Firij ɗin naku fa? Wa ya duba shi jiya da yamma?" Ta ɗauko masa takardar. Ya kawar da kai.

Ni aka kira in lallashe shi, don tare muka yi makarantar allo. Na zauna a bakin gadonsa, na gaya masa neman magani wajibi ne, na gaya masa yarinyar nan mai gaskiya ce, kowa ya shaide ta. Hawaye na bin kuncinsa ya ce, "Malam, na san gaskiya kake faɗa. Zuciyata ce ta ƙi. Kai in ka kalli takarda rubutu kake gani. Ni kuwa babur nake gani a ƙofa."

Na fita na yi kuka, ba na ɓoye muku. Aka mayar da jinin ɗansa firij, lafiyayye, wanda ya dace da nasa. Washegari bayan la'asar muka yi masa salla. Ya yi ta istigfari kafin ya cika, makomarsa tana wurin Ubangijinsa, ba ni da ta cewa a nan.

Ya 'yan uwa, sa hannu shaida ce. Duk inda ka sa hannu, cewa ka yi "na gani" a gaban Allah. Kuma kun sha ji daga malamai cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Muna zaton sai a gaban alƙali ake yin ta. Ana yin ta a ƙofar firij, ana yin ta a kan farar takarda, babu mai kallo.

Ke malamar asibiti, kai mai ɗakin gwaji, wanda ya miƙo maka hannunsa bai san abin da kake yi a bayan labule ba. Ba zai taɓa sani ba. Amanar da mai ita ba ya iya bincika ta, ita ce mafi nauyi. In na ƙasa da kai ya ce ka sake dubawa, ka sake, ba a rage maka komai ba.

Mu ma da muke zaune ba mu fita ba. Mu nawa ne muke tsayawa a kan ma'aikaci muna cewa ya yi sauri, mota za ta tashi? Mu nawa ne in aure ya matso muke zuwa da "rubuta mana kawai, ai yaran lafiyarsu ƙalau"? Wanda ya roƙi a yi masa shaidar zur, me ya raba shi da wanda ya yi?

'Yar Hadiza tana Kahu, ta fara wayo, sunan mahaifiyarta aka sa mata. Takardar tana nan a aljihun ubanta.

Ya Allah, kada ka bar hannuwanmu su rubuta abin da idanunmu ba su gani ba. Ka ji ƙan Hadiza, ka raya abin da ta bari, ka sanyaya zuciyar Hammadu, ka gafarta wa wannan bawa naka da mu baki ɗaya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka miƙa mana hannunsu. Amin.