Faifan da Ya Ƙi Fita

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗu tun da hantsi, iska ta tsaya cik.

Akwai wani mutum mai kula da kwamfutocin wani asibitin mishan. A ɗakinsa akwai babbar na'ura guda. A cikinta an yi ƙananan kwamfutoci waɗanda ido ba ya gani, kamar gida ɗaya mai ɗakuna da yawa, kowace da faifanta na ajiya kamar rumbu. Ɗaya daga cikinsu ita ke ɗauke da aikin ɗakin magani da na gwajin jini.

Faifan wannan ɗin ya tsufa, ya fara ƙara kamar ƙwaro a cikin azara. Tun da safe mutumin ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a sabo. Saura ya cire tsohon. Kashe kwamfutar ba zai yiwu ba, gama marasa lafiya sun cika baranda. In kuwa faifan ya mutu yana manne, kwamfutar za ta sandare, ba ba da magani, ba sakamakon jini. Ya kuma sani wuta tana wasa in hadari ya taso, ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙarasa faifan.

Ya ba da umarni a cire. Na'ura ta ƙi, ta ce akwai mai riƙe da faifan. Ya sake, ta maimaita.

Nan take zuciyarsa ta tafi kan Mama Lai'atu ta ɗakin magani. Tsohuwa ce, ta kusa barin aiki. Ta taɓa zare masa waya don ta jona butar shayi, bai kuwa manta ba. Ya tashi ya same ta tana ƙirga wa wani uba ƙwayoyi, yana ɗauke da 'yarsa a kafaɗa, jikinta zafi rau.

"Mama, me kika buɗe kuma yau?"

"Ɗana, abin da nake buɗewa kullum. Ban taɓa komai ba."

Bai saurare ta ba. Ya sa ta rufe kwamfutarta, layi ya tsaya. A gaban jama'a ya ce wanda na'ura ta fi ƙarfinsa gara ya koma gida renon jikoki. Mama Lai'atu ta naɗe hannu, ta dubi ƙasa.

Ya koma ɗakinsa ya ba da umarni. Na'ura ta ce har yanzu akwai mai riƙe da shi.

Aka yi tsawa, ƙwan lantarki ya dushe ya dawo. Ƙarar faifan ta ƙaru. Likita ya leƙo daga bakin ƙofa, ya ce an kawo mace mai naƙuda tana zubar da jini, suna jiran sakamakon gwajinta, kada abin nan ya kuskura ya tsaya. Ya juya ya tafi.

To, akwai wani umarni na fizge faifai da ƙarfi, ko mai riƙe da shi ya so ko ya ƙi. Mutumin ya san shi. Ya kuma san cewa wani lokaci faifan kan fita lafiya, wani lokaci ya tafi da kwamfutar gaba ɗaya. Ya ce a ransa, taurin kan wani ba zai kashe mini mutane ba.

Ya fara ture tagogin da suka cika masa fuskar kwamfuta don ya sami wurin rubutawa. Can ƙarƙashinsu sai ga wata ƙaramar taga baƙa. Tasa ce. Ta nan ya shiga tsohon faifan da safe lokacin kwashe kaya, ya manta bai fito ba.

Ya rufe ta. Ya ba da umarnin nan na farko. Faifan ya fita shiru, kamar an zare ƙaya. Sai ruwa ya kece. Ya aika a ce wa ɗakin magani su ci gaba, shi kuwa ya zauna, ya kasa ɗaga kai. Ba wanda ya san abin da ya gani.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsohon faifan nan shi ne abin da kuke roƙon Allah ya cire muku, ko gaba tsakanin 'yan'uwa, ko rigimar gida, ko tsamin da ya shiga ikilisiya. Kun yi addu'a, abin bai fita ba. Sai ku ce matata ce, maƙwabcina ne, dattawa ne. Ƙin da na'urar ta yi ba mugunta ba ce, jinƙai ne. Haka Ubangiji yakan tsai da mutum don ya duba. Umarnin fizgewa kuwa shi ne yanke zumunci, da fita daga ikilisiya cikin fushi. Abin kan fita, amma yakan tafi da gidan. Na tsufa, na ga gidaje da yawa da suka tafi haka. Kafin ka je ɗakin wani, ture tagoginka ka ga abin da ke ƙasa. Sau da yawa hannun da ke riƙe da abin naka ne.

Kada kuma ka ce tunda abin ya fita magana ta ƙare. Mai naƙudar ta haihu lafiya, amma akwai wadda aka kunyata.

Washegari mutumin bai buɗe ɗakinsa ba. Ya jira sai da baranda ta cika kamar jiya, sa'an nan ya je tagar ɗakin magani ya cire hula.

"Mama, ba ke ba ce. Ni ne. Ki gafarta mini."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce Allah ya gafarta mana duka, amma ya matsa gefe, ya tare wa marasa lafiya hanya.