Tsarkiyar Tabawa

A zamanin da dajin nan namu bai san gatari ba, fari ya koro maharbi Tunau da mutanensa har kusa da wata kuka mai marmaro a gindinta. Maƙwabtanmu suna ba da labarin nan a karkace, saboda hassada. Ni da nake jinin masu abin, kuma na fi kowa iya baki, ba a tambayata.

Kukar ta ƙudan zuma ce. Makaɗin ayarin ya ce ƙarar kalangu za ta kore su. Ya matsa, ya buga, ya wage baki zai yi kirari. Da aka jawo gawarsa da ƙugiya, maƙogwaronsa na motsi, ƙudan zuma na fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu ba ruwa. Tunau, gagara-daji, mai hana zaki barci, ya ajiye kwari da baka, ya rarrafa da gora. Bai kai marmaron ba suka sauko suka lulluɓe shi. Sai baƙin tsibi a ƙasa, yana numfashi a hankali. In ya yi tari, ya mutu.

Matarsa Tabawa ta lura ihu na harzuƙa su, amma gunjin junansu suke bi. Ta ɗauki bakan mijinta.

"Yaya," ta ce wa wan Tunau, "ko kun ga na zube, kada kowa ya kira sunana."

Ta ciji tsarkiya, ta rufe leɓe a kanta, tana goga ta da kara, tana waƙa ta hanci. Suka tashi daga jikin Tunau suka dawo kanta: fuska, kunne, fatar ido. Ta nufi dutsen gabas a makance, taku bayan taku. Ɗaya ya harbe ta a ido. Waƙar ba ta yanke ba. Sai la'asar suka shige kogon dutsen. Ta dawo da ido ɗaya da tsagaggen leɓe, ta tarar da Tunau durƙushe yana shan ruwa.

Nan aka kafa garinmu, Kukar Tabawa. Har yau ba a buɗe baki a waƙa a garinmu, ko ta biki ce. Tsarkiya ake ciza. Ni da Allah ya ba murya da wushirya, shekara arba'in ina waƙa kamar mai mura. Bara na zuga wani baƙon mawaƙi ya gwada ranar kasuwa, ni ina can nesa. Baiti ɗaya ya yi, ƙudan zuma guda ya sauka a leɓensa, ya zauna.