Shirun da Ya Ba Maharazu Kujerar Manaja

Akwai wani mutumin Ƙaraye da ake kira Maharazu, wanda ya shekara bakwai yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke kan hanyar Rogo. Shi ne supabaizan masu aikin safe, wato mai kula da leburori da injina tun daga jiƙa shinkafa har a zuba ta a buhu.

Aikin akwai wahala, albashin kuma da ƙyar yake kai ƙarshen wata. Supabaiza zai iya shekara goma a wuri ɗaya, domin kujera ɗaya ce tak a samansa, ta manajan sarrafawa. Albashinta ya ninka nasa, ga mota, ga kuɗin asibiti na iyali.

Supabaizan masu aikin yamma wani dattijo ne daga Falgore, Malam Jibo. Shekararsa goma sha shida a kamfanin, kuma shi ya koya wa Maharazu aiki tun yana lebura.

Wata shekara manajan ya ajiye aiki. Mai kamfanin, Alhaji Abdulmutalib, ya ce a ƙarshen wata zai zaɓi ɗaya daga cikin supabaizojin nan biyu. Kowa ya san Malam Jibo za a ba. Shi ma Maharazu ya sani, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya yanke shawarar ya nuna wa Alhaji cewa masu aikin safe sun fi fitar da kaya.

Wata Talata, da mai kula da injin busarwa ya tafi sallar azahar, Maharazu ya ƙara wa injin zafi don shinkafar ta bushe da wuri. Kafin ya miƙa aiki ya mayar da shi yadda yake. A ido shinkafar lafiya lau take, amma zafin ya tsattsaga ta a ciki.

Da yamma Malam Jibo ya sa aka zuba ta a injin casa. Duk ta karairaye. Buhu ɗari uku da wani ɗan kasuwa yake jira suka zama tsaki.

Washegari Alhaji ya tara su a ofis, ransa a ɓace. Malam Jibo ya ce bai taɓa komai a inji ba, amma tunda a hannunsa abin ya fito, ba zai ɗora wa yaransa na aiki ba. Sai Alhaji ya juya wurin Maharazu ya tambaye shi ko ya ga wani abu da safe.

Maharazu ya kalli ƙasa ya ce, "Lafiya lau na miƙa aiki, ranka ya daɗe."

A makon nan aka sallami Malam Jibo. A ƙarshen wata aka ba Maharazu kujerar manaja.

Mutanen unguwa suka yi ta zuwa taya murna. Ya gyara gida, ya mayar da 'yarsa Radiya makaranta mai kyau. Amma tun daga lokacin abinci ya daina yi masa daɗi. Idan ma'aikata suka ambaci Malam Jibo, sai ya ƙirƙiri aiki ya bar wurin. Matarsa Safara'u ta sha tambayarsa me ke damunsa, ya ce gajiya ce.

Bayan wata takwas, ranar kasuwar Ƙaraye, wata budurwa ta durƙusa ta gaishe shi a layin masu hatsi. Hamdiyya ce, 'yar Malam Jibo, wadda ya san tana karatun aikin jinya a Kano. Ya tambaye ta ko hutu aka yi. Ta ce a'a, ta bar makaranta tun da aikin mahaifinta ya tsaya, yanzu tana taya mahaifiyarta sayar da gyaɗa. Ta ƙara da cewa Baba ya ji an ba shi manaja, kuma ya sa masa albarka.

Maharazu bai iya sayen abin da ya kawo shi kasuwa ba. Yana isa gida ya zaunar da Safara'u ya faɗa mata komai.

Sai ta ce, "Baban Radiya, ashe duk tuwon da na tuƙa a watannin nan da haƙƙin bawan Allah na tuƙa shi?"

Da safe ya kama hanyar Falgore. Ya sami Malam Jibo a gona yana cirar ciyawa, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Bayan doguwar gaisuwa, Maharazu ya durƙusa a kan kunyar gona ya ce, "Baba, ni na ƙara wa injin zafi. Ni na ɓata shinkafar nan."

Malam Jibo ya jingina fartanya da ƙafarsa. Ya ce ya sani tun ranar. Da ya ɗebi ƙwayar ya gutsura, ya gane aikin zafi ne, kuma ya san a hannun wa ta bushe.

Maharazu ya tambaye shi me ya hana shi faɗa.

Dattijon ya ce, "Ba ni da shaida, kuma ni na koya maka aiki. A ofis na yi ta kallonka, ina jira ka faɗa da bakinka. Abin da ka yi mini na yafe, Maharazu. Amma sunana yana can a ɓace, mutane na cewa tsufa ya sa na yi sakaci. Wannan ba ni zan gyara ba."

Ranar Litinin Maharazu ya roƙi Alhaji ya tara ma'aikata duka, na safe da na yamma. A gabansu ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ajiye makullin mota a kan tebur.

Alhaji da kansa ya je Falgore ya ba Malam Jibo haƙuri, ya dawo da shi a matsayin manaja. Ya so ya kori Maharazu a ranar, amma Malam Jibo ya roƙa a bar shi a tsohon matsayinsa da tsohon albashinsa, domin yana da iyali. Hamdiyya ta koma makaranta, sai dai shekarar da ta rasa ta tafi, abokan karatunta sun riga ta fita.

Bayan shekara biyu kamfanin ya buɗe reshe a Rogo, aka nemi sabon manaja. In ban da Malam Jibo, Maharazu ne ya fi kowa daɗewa da sanin aiki. Alhaji ya tsallake shi, ya ba Zubair, wanda Maharazu ya koya wa aiki da hannunsa.

Maharazu ne ya fara tashi ya miƙa wa Zubair hannu. Da wani ya ce masa an zalunce shi, sai ya girgiza kai ya ce ba a zalunce shi ba, ya san abin da ya hana shi. Ya ɗauki hularsa ya koma wurin inji.

Darasi: Neman ƙarin albashi da matsayi ba laifi ba ne, amma kada ka taka wani don ka hau. Shirun da ka yi lokacin da ake hukunta marar laifi zalunci ne, kuma ba shi kaɗai yake cutarwa ba, har iyalinsa. Idan akwai wanda ka ɓata wa suna a wurin aiki, je ka gyara tun yana raye kana raye. Ku tura wa 'yan uwa ma'aikata, wataƙila wani yana ɗauke da irin wannan nauyin a zuciyarsa.